Rasuwar 'Yar Silba, Motar da Guga Ya Kashe

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Silba, ƙaramar motar roba da ba ta wuce tafin hannu ba. Ta cika jiya da hantsi a kan cinyar Baba, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo duniya gunduwa-gunduwa a cikin kwali. Ni na haɗa ta da gam a kan teburin cin abinci, uwargida tana ta harara. Irin motar da Baba ya tuƙa ce tun yana saurayi, har ranar da idonsa ya yi rauni muka karɓe makulli, ya koma zaman shiru a bakin taga. Yanzu abu mai ƙyalli kawai yake iya gani. Shi ya sa na naɗe jikinta da salatif don kada fenti ya taɓa shi, na bar bamba da hannayen ƙofa da bakin fitilu a buɗe, na shafa musu baƙin fenti, sannan na fesa musu ruwan silba, wato fenti mai ƙyallin azurfa, ina riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.

Kowa ya shaide ta. Ba ta taɓa shan mai ba, ba ta san hanyar garejin bakanike ba. Inji ma ba ta da shi, amma kowace safiya sai a ji "buuum, pip-pip" daga bakin taga. Muka bar shi a kan muryarta ce, don ba a kunyata babba.

Ga ciwon ajalinta. Ruwan silba ko yatsa ba ya so. Na faɗa har bakina ya gaji. Baba ya ce, "Kai yaro, direban da bai goge bamba ba ai fasinja ne." Kullum sai ya bi ta da tsumma da man goge ƙarfe. Silba ta dushe, baƙi ya fito. Da ƙyallin ya ɓace masa sai ya zaci datti ne, ya ƙara ƙarfi. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas!"

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, rabin kwalbar silba, da madubi ɗaya, ɗan'uwansa tsintsiya ta riga ta tafi da shi. Ta kuma bar tsohon direba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma nasa ya fi nawa.

Baba ne zai yi mata wanka, tunda babu sauran abin da zai goge. Za a sa ta a kwalin takalmi, a kai ta makwancinta a saman kabad bayan cin abincin rana. Masu zuwa ta'aziyya su riƙo salatif. Ni kam a yi mini uzuri, ina kan teburi da sabon kwali, domin da safen nan na tarar da Baba a bakin taga, tsumma ninke a gwiwarsa, ya ce, "Gobe ƙarfe nawa za a fito da mota?"