Ruwan da Na Sa Aka Roƙa wa Indonesiya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na sa dattawan Kebbe suka yi addu'a a baibai. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in tashi in yi ta zagaye ɗaki.

Ina shekarar farko a jami'a lokacin. Cikin darussanmu akwai na labarin ƙasa, inda ake bin yankunan duniya ɗaya bayan ɗaya: yanayinsu, mutanensu, abin da suke nomawa. Mun gama Turai, mun ɗan leƙa Rasha, sai aka shiga yajin aiki aka koro mu gida. Na dawo Tambuwal da guntun duniya a kaina da ƙaiƙayi a bakina. Zama ya gagare ni. In je kasuwa in dawo, in zauna a majalisa in miƙe, duk wanda ya yi kuskuren gaishe ni sai ya sha labarin kogunan Jamus. (Inna ta taɓa miƙo min fura, na fara gaya mata yadda Turawa ke sarrafa nono. Ta karɓe ƙwaryarta.)

Ana haka sai Saratu, 'yar ajinmu da na daɗe ina nema, ta kira ni. Ta ce mahaifinta ya dawo daga Umara, kuma ya yarda in zo Kebbe in gaishe shi. Na hau babur, hanya tana wujijjiga ni, ni kuwa ina ta bitar gaisuwa kamar mai shirin jarrabawa.

Na tarar da Alhaji, mahaifin nata, a zaure bayan la'asar, tare da limamin unguwa da wasu dattawa. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefen tabarma.

Alhaji ya ce ai ya ji labarin ƙasashe nake karantawa, don haka na zo a kan gaɓa. A Makka ya yi aboki ɗan Indonesiya, suna fahimtar juna da guntun Larabci da nuni da hannu. Da safe mutumin ya aiko da saƙon murya, hankalinsa a tashe, kuma abin da Alhaji ya tsinta kawai shi ne ruwan sama da addu'a. Akwai bidiyo ma, amma ya ƙi buɗewa, sai juyawa yake yi.

"To wagga ƙasa tasu," in ji Alhaji, "fari aka yi musu, ko mi?"

Mu kuwa ko hanyar Asiya ba mu kama ba. Amma ga surukin gobe ya zuba min ido. Na ce a raina Indonesiya da Indiya ai sunan ma ya nuna maƙwabta ne, na kuma tuno wani fim ɗin Indiya mai raƙuma da rairayi. Sai na gyara murya. Na ce hamada ce zalla, sai a shekara ba a ga hadari ba, da raƙumi suke zuwa ɗibar ruwa. (Har da zana musu taswira da yatsa a kan tabarma, don Allah ku ji ƙarfin hali.)

Dattawa suka yi ta jinjina kai cikin tausayi. Liman ya ɗaga hannu ya roƙa wa mutanen Indonesiya ruwa mai yawa, kamar da bakin ƙwarya, ba ƙaƙƙautawa. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi.

Ba mu gama shafawa ba wayar Alhaji ta fara magana. Bidiyo ya buɗe. Ga abokin nasa zaune a kan rufin gida, ruwa ya shanye tagogi, itatuwa kore shar ta ko'ina, wani yana wucewa da kwalekwale ta inda ya kamata titi ya kasance. Wayar ta bi hannu hannu, kowa ya kalla ya miƙa gaba. Da ta iso kaina na riƙe ta kamar garwashi.

Alhaji bai dube ni ba. Sai ya juya ga liman, ya ce, "Malam, a sake ɗaga hannu. A gyara."

Wannan karon ko leɓena bai motsa ba. Daga bayan katanga kuwa ina jin wata tana danne dariya, na kuma san muryar.

Na koma Tambuwal ban san ta inda na bi ba. Alhaji mutumin kirki ne, bai kore ni ba, Saratu ma yanzu uwar 'ya'yana ce. Sai dai duk ranar da hadari ya haɗu muna Kebbe, sai ya aiko a tambaye ni wace addu'a ta dace.

Abin da na koya shi ne, "ban sani ba" kunyarta a zaure take ƙarewa. Kunyar ƙaryar sani kuwa, da ita ake aurar da kai.