Ladanin Aljihu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da azumin da na naɗa kaina ladanin ƙauyenmu ba, alhali babu wanda ya roƙe ni.

A shekarar ne na dawo daga garin Hasahisa da sabuwar waya, irin wadda ake shafawa da yatsa, da manhajar da ke kiran salla da kanta. Ƙauyenmu yana bakin titin da ya nufi Sinnar, kuma mu maza ba ma shan ruwa a ɗaki. Kowane gida zai fito da tirensa, tuwon asida da dafaffen waken balila da abre, abin sha mai sanyi, a baza tabarmi bakin kwalta, dattawa su tare hanya su sauke matafiya ko suna so ko ba sa so. Idan wuta ta ɗauke (ɗaukewar kuwa ita ce sana'arta) ba ma jin lasifikar masallaci. Nan na samu shiga. Sai in ajiye waya tsakiyar tabarma, ta yi kabbara, a kai dabino baki. Ba a jima ba Baffa Idrisu, ƙanen mahaifina kuma babban tabarmar, ya fara cewa a tambayi Ustaz. Ustaz ɗin ni ne, ni da na haye sakandare da ƙyar.

Rannan wayar ta ce tana son tahdis, wato ta sabunta kanta. Na danna mata. Gari na wayewa ta zama kamar mai iskokai: ga zafi, ga batir da ke mutuwa kafin azahar, in taɓa hotuna ta buɗe mini kalkuleta. Na kashe na kunna. Na cire batir na hura masa iska (har yau ban san amfanin hurawar ba, na dai ga ana yi). Na goge wasanni, na share tarkace, shiru. Kai ta wurin mai gyara a garin Hajj Abdalla kuwa ai zubar da girman Ustaz ne. Daga ƙarshe na kwashe hotunana a kati, na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, na sake karɓo manhajar sallar daga wayar abokina. Ta dawo garau, agogo daidai. Na yini ina bin inuwa-inuwa ina ba da labarin aikin da na yi mata.

Da yamma hadari ya rufe yamma ruf, wuta kuma ta yi halinta. Dattawa suka tare wata bas cike maƙil. Direban yana ta rantsuwa akwai sauran lokaci, Baffa ya ce ko da saura sai ya sauko. Ana gama zama wayata ta rangaɗa kabbara. Direban ya dubi agogonsa ya ce, "Anya kuwa, ya zol?" (wato bawan Allah). Na ɗaga waya sama na shaida masa cewa wannan da tauraron ɗan'adam take magana, ba da agogon kasuwar Sukul Arabi ba.

Aka yi bisimilla. Mata a cikin gida suka ji ƙarar kwanuka, su ma suka sha. Na kai loma ta uku ke nan hadarin ya ɗan yaye daga ƙasa, sai ga rana ja-zur zaune a kan gonakin dawa, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo daga cikin fasinjoji ya riƙe lomar asida a iska, ya rasa ko ya kai baki ko ya mayar. Na buɗe manhajar. A wurin sunan gari an rubuta Makka. Ashe da na sake sa ta ta tambaye ni inda nake, ni kuma na danna "wuce", kamar yadda nake yi wa duk rubutun da ya fi layi ɗaya. Ita kuwa ta zaɓar wa kanta gari, garin da ke riga mu faɗuwar rana.

Na yi wa Baffa bayani murya ƙasa-ƙasa. Ya goge hannunsa a hankali, ya ce, "Ɗana, kakanninmu sun baro Sakkwato a ƙafa don su je Makka, suka maƙale a nan. Ashe wayarka ce za ta ƙarasa musu."

Direban kaɗai ya yi dariya. Liman ya ce babu kaffara, amma kowa zai rama yini guda: mu, da iyayenmu mata, da baƙin da muka sauke da ƙarfin tsiya, waɗanda suka watsu Sinnar da Damazin ɗauke da sunana. Bayan salla, ƙauyukan maƙwabta suna shan shayinsu da rana tsaka, namu yana lasar busasshen leɓe saboda ni. 

Abin da na koya shi ne, idan waya ta yi tambaya a karanta, kuma dabino ba ya shiga bakina sai na ji ladani mai maƙogwaro. Sai dai koyon bai wanke ni ba. Har yau in na doso tabarma da tirena, sai wani ya matsa mini wuri cikin ladabi ya ce, "Ustaz, an sha ruwa a Makka?"