Ranar da Na Ɗumama Jinin Saniya

Shekarar da ciwo ya shiga shanunmu a Karakkai, malamin dabbobi ya zo daga Gusau ya ɗebi jinin saniyarmu a kwalbarsa ta ƙarshe. Ya ce akwai wani sinadari a jini, in aka auna ƙarfinsa za a gane ciwon. Zai wuce Bungudu, sai ya ba ni ajiya.

"Inna, ki kula, kada ya lalace."

Na yi murmushi. Ni da miyata ba ta taɓa kwana ta yi tsami ba? Na tsoma kwalbar a tukunyar ruwa, na ɗumama ta safe da yamma, har ina koya wa maƙwabta dabarar.

Da ya dawo, jinin ya daskare kamar dafaffiyar hanta. Ya dube ni ya ce:

"Inna, gindin randa nike nufi. Wuta ta kashe abin da za mu auna."

Kafin ya kawo wata kwalba, saniyar ta mutu, ita da nake tatsar wa yara nono. Har yau in na ɗora tukunya, sai maigidana ya leƙo: "Yau jinin wa muka samu?"