Tayar da Na Hana a Girgiza

Ko da zan manta da ranar da na fara rubuta sunana da hannuna, ba zan taɓa mantawa da Talatar da tayar motar malaminmu ta durƙusa a hanyar Maiyama ba.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina tuƙin motar haya, daga Jega zuwa Aliero, daga Aliero a sauko Maiyama, yau mutane gobe albasa. A tasha ana ce mini Mai Kunne, domin in mota ta wuce kan rami ta yi ƙara, nakan faɗi abin da ke damun ƙafarta ba tare da na sunkuya ba. Sau da yawa ina dacewa. (Wanda ban dace ba kuwa, babu mai dawowa ya faɗa mini, ni ma ba na bin sawu.)

Da bayana ya fara ciwo na rage tuƙi, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan La'asar. A nan kunne bai yi mini rana ba. Ni ne na baya a aji. Mamman mahauci, wanda muke zama benci ɗaya, har ya kai ga karanta allon shago, ni ina nan ina lallaɓa baƙaƙe da yatsa. Ban damu ba, haƙuri dai ina da shi. Malam Sani da ke koya mana, wanda a haife na kusa haifarsa, kullum sai ya ce, "Baba, sannu a hankali, ba tsere muke ba."

Malam Sani yana da wata tsohuwar mota da ta girmi aurensa. Kowace Juma'a da ita yake zuwa Mungadi, can wajen Maiyama, duba mahaifiyarsa, wadda ta daɗe a kwance. Wata rana bayan an tashi aji ya tsayar da ni, ya ce ƙafar gaba ta dama tana wani ƙwas-ƙwas in ya hau gargada.

"Baba, ba don kaina ba," in ji shi. "Jikin Inna ya yi nisa. Ranar da za a kira ni, ina son wagga mota ta kai ni."

Duk ajin suna tsaye suna ji. Wata nawa ina ɗalibin da ake jira ya gama layi, yau ga malam da kansa yana neman ilimina. Na gyara hula. Na ce ya ja mu zaga bayan kasuwa inda ramuka suke, na rufe ido na karkata kai kamar mai sauraron wa'azi. Da muka dawo na danna gefen motar da hannu biyu na saki, ta yi ta rawa sama da ƙasa ba ta tsaya ba. Na ce, "Shok ne." Wato ƙarfen nan da ke shanye girgiza. Mamman ya ce, "To, yau jakin aji ya zama doki." Aka yi dariya, ni ma na yi, don daɗi ya kama ni.

Washegari na raka shi garejin Isa bakanike. Isa ya danna motar shi ma, ya yarda shok ya mutu. Amma ya ce, "Bari in ɗaga ta bisa jak in girgiza tayar, in ga ko bol-joyin ya ci." Bol-joyin ita ce gaɓar da ke riƙe taya da jikin mota, kamar ƙugun mutum. Ba a gane ta ci sai an ɗaga motar nauyi ya sauka daga kanta, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. Aikin minti biyar ne. Na san haka sarai, tun Isa bai fara riƙe sifana ba na sani.

Amma a gaban malamina? A ɗaga mota bayan Mai Kunne ya yi magana?

"Kai Isa, mi kake nema a ƙarƙashi?" na ce. "Ni na ji ta da kunnena. Sa shok ka bar mutane su tafi."

Isa ya dubi Malam Sani. Malam Sani ya ce, "Yi yadda Baba ya ce." Haka aka yi, Isa ya canza shok bai taɓa komai ba. Ƙarar ta ragu, ba ta ɗauke ba. Na ji ragowarta a hanyar komawa, wani ɗan ƙwas can ƙasa-ƙasa, sai na ɗaga murya na ci gaba da ba malam labarin wata babbar mota da na taɓa ganowa a Aliero. (Ashe kunnen da ke jin abin da ba a faɗa ba ya iya ƙin jin abin da ake faɗa masa.)

Kwana tara bayan haka, da hantsi, Malam Sani ya zo ƙofar gidana ko hula babu. An kira daga Mungadi, Inna tana ta kiran sunansa. Ya ce ni in tuƙa. Na karɓi makulli, muka kama hanya, ina gudu daidai gwargwado ina kauce wa ramuka. Mun yi nisa da Jega, babu gari gaba babu gari baya, na shiga wani ɗan rami da ko akuya ba za ta lura da shi ba. Sai ji na yi ƙasa ta taso. Gaban motar ya faɗi ta dama, tayar ta kwanta a gicciye ƙarƙashin mota, muka ja ƙasa har gefen wata gonar gero muka tsaya. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Na fita na duba. Bol-joyin ta fita daga mazauninta, ta siɗe ta yi sul kamar ƙwallon goruba da aka gama gwaigwaya.

Malam Sani ya fito daga motar. Ya tsaya bakin titi yana ɗaga hannu, motoci na wucewa a cike. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, yana cewa, "Ga ni nan tafe, ku ce mata ga ni nan." Mun fi awa guda kafin wata motar albasa ta tsaya, ya hau bisa buhuna ya tafi. Ni na zauna gadin mota har Isa ya iso da kayan aiki. Na shirya wa zagi, na ma so ya zage ni. Bai yi ba. Ya ciro gaɓar ya ɗora mini a tafin hannu, ya koma ƙarƙashin mota.

Inna ta cika kafin Malam Sani ya isa. An ce tsakanin cikawarta da isarsa bai fi rabin awa ba.

Ranar uku muka je gaisuwa, mu 'yan aji. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, aka yi addu'a aka shafa. Sai wani dattijo, kawun Malam Sani, ya shiga ba shi baki, yana cewa lokaci ne ya yi, ko a jirgi ya zo ba zai ƙara mata numfashi ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa. Sai kuma ya ƙara da cewa:

"Amma kai ma, Sani, da sakaci. Tsohuwar mota irin wagga ai masana ake kai ma. An ce nan Jega akwai wani direba da ake ce ma Mai Kunne, da ji ɗai yake gane ciwon mota. Da shi ka kai ma, da duk haka ba ta faru ba."

Mamman mahauci, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Malam Sani ya buɗe baki zai ce wani abu, na san rufa mini asiri zai yi, na riga shi.

"Baba, ni ne," na ce. "Ni aka kai ma."

Dattijon ya dube ni tun daga hula har ƙafa. Ya ce, "Allahu akbar." Ya miƙo mini goro. Ban taɓa tauna abin da ya kai goron nan ɗaci ba.

Sati biyu ban je aji ba. Malam Sani ya zo har gida, ya ce bencina yana nan, kuma shi bai riƙe ni da komai ba. Na koma. Har yau in ya ce, "Baba, sannu a hankali," sai in ji maganar ta sauka wani wuri daban.

Gaɓar nan tana aljihun da nake sa fensir. A tasha har yanzu wasu na kirana in saurari mota, nakan kuma saurara, don hali ba ya fita da sauƙi. Amma kafin in buɗe baki sai na ce a kawo jak, in tattare riga in durƙusa da wannan bayan nawa mai ciwo, in kama taya in jijjiga. Yaran tasha sun lura, sun canza mini suna. Yanzu Mai Gwiwa suke ce mini, kuma ina amsawa.