Wata uku ba a samu mai ciwon sanyi ba

Jiya na raka maƙwabcina asibiti karɓar magani, aka kusa kwantar min da shi a tantin annoba. Zan kira shi Tela, tunda ba ɗinki yake yi ba.

Shekara bakwai ke nan Tela yana shan ƙwayar da ba a son a tsallake ko kwana ɗaya. Yana karɓa a wani ɗan ɗaki da ke bayan ginin, inda ake duba ciwon sanyi da sauran larurar da mutum ba ya faɗa da ƙarfi. Ɗakin yana da ƙofarsa ta baya, ka shiga ka fita kamar ka zo gaida wani.

Da annobar nan ta shigo, masu girma suka zauna suka yi tunani mai zurfi, suka kulle ƙofar bayan. Yanzu kowa ta babbar ƙofa zai bi, ya tsaya bayan igiya, taku uku tsakaninsa da maigadi, ya faɗi abin da ya kawo shi da takunkumi a baki.

"Malam, me ke damunka?" in ji maigadi.

Tela ya yi ƙus-ƙus.

"Ɗaga murya, ba na ji!"

Tela ya waiga. A bayanmu akwai mutum wajen arba'in, ciki har da ƙanin matarsa, ya kawo tsohuwa awon ido. Sai Tela ya ce, "Ciwon kai."

Ciwon kai kuwa shi ne na farko a jerin alamomin annoba. Kafin in buɗe baki, mutum biyu cikin fararen riguna sun sa shi a tsakiya sun yi tanti da shi. Na bi su ina rantsuwa cewa kan mutumin nan lafiyarsa ƙalau.

Wadda ta zo auna shi ta dube shi ta cikin gilashin fuskarta, ta ce, "Baban yara, kai ma ciwon kan ne? Kai ne na tara yau."

Ashe Sista ce, mai kula da ɗakin bayan. Su shida ne a can, in ji ta. An kwaso huɗu zuwa tanti, ɗaya ta kamu tana kwance a gida, ɗayan kuma an mayar da shi mai riƙe wa manyan baƙi ruwan wanke hannu.

Na ce, "To ɗakin fa?"

"Bokitai ne a ciki. Guda ɗari huɗu, kowanne da hoton Mai Girma Uban Tafiya. An ce kada a taɓa sai ranar ƙaddamarwa."

"Yaushe ke nan?"

"Ba a kafa kwamitin sa rana ba tukuna."

Kabad ɗin magani yana bayan bokitan. Sista ta ce da gefe take shiga, ta ɗebo na mutanenta ta zuba a jakar hannu. Lokacin hutunta sai ta tsaya bayan tankin ruwa tana miƙa wa masu ciwon kai. A nan Tela ya karɓi nasa, ya cusa a hula. Waɗanda kunya ta hana su bin layi, tana kiransu a waya ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya sun daina ɗauka. Akwai mai ciki wata bakwai da ya kamata a yi mata gwaji tun tuni, ita ce ke hana Sista sukuni.

"Yaushe rabonki da hutu?" na tambaye ta.

Ta ce, "Baba, matsa, akwai mai ciwon kai a bayanka."

Da muka dawo gida na kunna rediyo, sai ga Mai Girma Kakakin Kwamitin Annoba yana albishir. Ya ce cikin wata uku ba a rubuta sunan mutum ko ɗaya mai ciwon sanyi ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihi. Ya yaba wa jama'a da kamun kai. Na duba, lissafinsa daidai ne, littafin rubuta sunayen ma yana ƙarƙashin bokiti.

Ni dai ba mai ilimi ba ne, amma tunda dabarar ta yi aiki haka, ina roƙon ranku ya daɗe a gwada kulle ɗakin ajiye gawa ko na sati biyu ne, mu ga abin da Allah zai yi.