Rigar Tattasai a Bikin Yagana

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Yagana, kuma ko da na yi niyyar mantawa, matan unguwarmu a Diffa sun ɗauki nauyin tuna mini har in tsufa.

A lokacin, idan aka tambaye ni sana'ata, cewa nake yi ni stilis ce, wato mai zana samfurin ɗinki. Babu wanda ya ba ni wannan muƙami, ni na naɗa kaina bayan jarrabawar bak, ta gama sakandare, ta yi watsi da ni. Gidanmu gidan tattasai ne. Baba yana noma shi a bakin kogin Komadugu, idan ya bushe a kawo shi buhu-buhu, mu mata mu baje tabarma muna tsince baƙi da ruɓaɓɓe, muna atishawa. Ni kuwa na ga hannun da Allah ya yi wa baiwa bai dace da wannan aiki ba. Sai in ja gefe da fensir da takarda ina zana dogayen mata marasa fuska, wuya zalalo, ƙugu kamar tsinken tsire.

Mama ta taɓa leƙawa ta ce, "Waɗannan matan naki lahiyarsu ƙalau kuwa? Ko ba a dafa abinci a garinsu?"

Na yi mata uzuri. Ba kowa ne ke fahimtar fasaha ba.

Yagana 'yar ƙanen Baba ce, tare muka taso. Da aka sa ranar bikinta sai labari ya zo cewa yayar ango, Hajja Bintu, tana da babban shagon ɗinki a Damagaram, kuma tana neman yarinyar da za ta riƙa zana mata sababbin samfura. Na je na durƙusa gaban Baba. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Idan Hajja ta ce tana son ki, na yarda ki bi ta. Idan ba ta ce ba, ki aje fensirin nan ki koma tabarma kamar kowa." Ka ji hukunci. Ko Damagaram ko tabarma, kuma rana ɗaya ce gare ni in burge matar da ban taɓa gani ba.

Duk 'yan matan dangi sun kai anko wurin tela, ɗinki iri ɗaya kamar 'yan makaranta. Ni na fi ƙarfin wannan. Na ga a waya yadda manyan masu zane na duniya ke yin riga da ganye da gashin tsuntsu, ana tafa musu. Na ce to mu a nan me muke da shi? Tattasai. Na zana doguwar baƙar riga, gindinta zagaye da jajayen tattasai suna reto. A takarda kam, wallahi har ni sai da na ji tsoron kaina.

Tela ya ɗinka mini baƙar rigar zalla, sauran aikin ban yarda da hannun kowa ba. Na shiga ɗakin ajiyar Baba na zaɓo tattasai mafi ja, mafi santsi, na bi su ɗaya-ɗaya na ɗinke ta hanci a gindin rigar, layi bisa layi. Inda aka samu giɓi na cike da 'yan ƙananan tonka, barkonon nan mai zafin tsiya (babban mai fasaha ba ya barin giɓi). Da na ga sun ɗan dusashe, sai na shafa musu man gyaɗa don su yi ƙyalli. Na gwada juyi a ɗaki, 'ya'yan cikinsu suka ba da wani sauti kacau-kacau. Na ce shi ke nan, rigar ma da kiɗanta ta zo.

Ranar biki bayan la'asar makaɗa suka kafa a ƙofar gida, mai ganga da mai algaita. Na naɗe jikina da lafaya tun daga kai har ƙasa, don kada kowa ya ga rigar kafin lokaci. Shirina shi ne in shiga fili a hankali, idan kiɗa ya yi daɗi in ware lafayar in juya, Hajja Bintu ta gani ta dafe ƙirji.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kaskon Ya Falmata, uwar amarya. Ita ke haɗa turaren wutanta da kanta, kuma a gidanta mace ba ta fita taro sai ta tsaya a kan kasko hayaƙi ya ratsa tufafinta. Wannan ba abin da ake tunani a kai ba ne, tun muna yara muke yi, kamar sa takalmi. Muka shiga ɗakin amarya muka yi layi. Ga Yagana an yi mata kwalliya ta zauna, ga wata mata mai gilashi da zobba a gefenta. Aka raɗa mini ita ce Hajja Bintu.

Na durƙusa na ce, "Wushe, Hajja, an zo lahiya?"

Ta amsa da fara'a. Layi ya zo kaina, na buɗe ƙafa na rufe kaskon da rigata da lafayata ruf, yadda aka koya mana, don kada hayaƙi ya tsere. Wasu suna tsayawa kaɗan su wuce. Ni na daɗe, ina gyara tsayuwa, ina ɗaga wuya irin na matan takardata, don Hajja ta lura da ni. Na ji ɗan ƙas-ƙas a ƙasa, na ce ai 'ya'yan tattasai ne ke gaishe ni.

Ina ɗagawa wata tsohuwa daga dangin ango ta yi tari. Wata ta taya ta. Ta farkon ta dubi Ya Falmata ta ce, "Turaren nan naki na bana yana da ƙarfi, me kika ƙara masa?" Ya Falmata, wadda ba a taɓa kushe wa turare ba tun da aka san ta, ta sunkuya tana shinshina kaskon, idonta ya kawo ruwa. Ni kuma na yi waje abina, ina tausayinta a zuci, ina cewa tsufa ya fara taɓa mata hannu.

A fili mata sun yi da'ira ana rawa irin tamu, a natse, kafaɗa na motsi, gefen lafaya a hannu. Aka fito da amarya, Hajja Bintu na biye. Na ji ɗumi a ƙafata, na ɗauka zumuɗi ne. Mai algaita ya kumbura kumatu, kiɗa ya kai inda nake jira. Na shiga tsakiya, na ware lafayar, na juya da dukan ƙarfina.

Duk hayaƙin da na killace tun daga ɗaki ya fito lokaci guda. Ashe layin ƙasa ya taɓa garwashi, tonka da tattasai suna ta cin wuta a hankali cikin mansu, juyin da na yi kuma ya zame musu fifita. Mai algaita ne ya fara karɓar rabonsa, don daidai lokacin ya ja dogon numfashi. Algaitar ta yi wani kuka irin na akuyar da aka taka, ta mutu. Mai ganga ya saki gangarsa ya kama maƙogwaro. Da'irar mata ta watse, wannan na tari, wannan na atishawa, wannan na kiran sunan Allah. Ni kuwa ban daina juyi ba. Na ga an buɗe mini fili, na ɗauka girmamawa ce.

Sai ga Hajja Bintu ta nufo ni, ta cire gilashi, hawaye shaɓe-shaɓe, hannu dafe da ƙirji, daidai yadda na hango a mafarkina.

"Wa ya... wa ya yi wannan rigar?"

Na tsaya na ɗan rusuna. "Ni ce, Hajja. Ni na zana, ni na haɗa da hannuna."

Ta fizge buta daga hannun wata mata ta juye mini a ƙafafu. Rigar ta yi cuu. Ta sunkuya ta tsinko tattasai ɗaya, ta murza, ta duba yatsunta.

"Wannan mai ne?"

"Man gyaɗa ne, Hajja. Don ƙyalli."

"Tattasai, tonka, mai, ga wuta," ta faɗa tana tari. "'Yata, albasa kawai ta rage mu ci tuwo."

Waɗanda suka samu numfashi suka fashe da dariya, sauran suka yi tasu cikin tari. Na tsaya a tsakiyar fili, ruwa na ɗiga, ina ƙamshin miya, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba. Ya Falmata ce ta zo ta ja ni ciki ta kunne, tana faɗa wa duk wanda muka wuce, "Kun gani ko? Ba turarena ba ne!"

Mutum ɗaya ce ta gode mini, amarya. Ashe Yagana ta kwana biyu tana fargabar ba za ta iya kukan rabuwa da gida ba, don murna ta yi mata yawa, kuma ta san za a yi da ita. Ranar ta yi kukan da har dangin ango suka ce ba su taɓa ganin yarinya mai son iyayenta haka ba.

Hajja Bintu ta koma Damagaram ba tare da ni ba. Ina leƙe ta katanga motarsu ta ɗaga, kuma na yi kuka na gaske, wanda babu tonka a cikinsa. Na so tafiyar nan har cikin raina. Washegari da safe Baba bai yi faɗa ba. Da kansa ya shimfiɗa mini tabarma, ya jawo buhu ya kwance bakinsa, ya ce, "Ki tsince da kyau. Masu kyan na kasuwa ne, ba na tela ba."

Har yau ina kan tabarmar, kuma har yau idan na wuce mata sukan tambaye ni ko an samu albasar. Fensirin ma ban aje shi duka ba, ina zane idan Baba ya tafi gona. Abin da na koya shi ne matan takarda ba sa rawa, ba sa tari, kuma babu mai sa su tsayawa a kan garwashi. Shi ya sa yanzu duk wadda na zana, kafin in sa mata riga, sai na fara zana kaskon Ya Falmata a ƙarƙashinta.