Zumar Jikana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gayyace mu tsofaffi wajen awon jarirai a Safana.

Duk Ilu mahauci ne ya jawo, maƙwabcina da muka bar firamare tare a aji uku (shi korarsa aka yi, ni gani na yi ilimin ya isa haka). Malamar asibiti ta tsayar da shi gaban jama'a tana ta yabo, wai kullum yana aika wa surukarsa mai shayarwa hanta da ƙwai. Har tafi aka yi masa. Ilun da ko ƙashi ba ya ƙara wa mutum a kan tsire!

Aka zo kan jikana Sadi, ɗan wata biyar, ɓulɓul da shi. Malama ta ce a dubi uwarsa Rabi, matar ɗana, nono zalla take ba shi, ko ruwa bai taɓa sha ba, don haka ita za ta riƙa koya wa matan unguwarmu. Ba wanda ya ambaci sunana.

Na miƙe, na gyara hula, na ce gaskiya ɗaya ce, ƙibar nan aikina ce. Tun ranar suna nake jiƙa zuma da dabino kowace safiya in miƙa cikin gida a ɗura masa.

Malama ta ce zuma ga jariri haɗari ce, ta juya ga Rabi tana tambayar me ya sa ta ɓoye mata. Yarinyar ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ina za ta ƙaryata suruki a bainar jama'a?

Sai muryar Iya, matata, daga tabarmar mata: "Malama, ƙyale yarinya. Ko ɗigo bai shiga bakin angona ba. Ni nake shanyewa a bayan rumbu."

Ilu ya ce, "Wai ni na ga Iya ta yi kumatu bana."

Dariyar ranar, ina jin har Batsari an ji ta. Rabi dai ta samu koyarwarta.

Tun daga nan na gane, in ana yabon maƙwabci, tsoho ya tafa kawai ya zauna. Zumar kuwa ban isa in daina ba, Iya ta riga ta saba.